Sojan da Bai Taɓa Zubar da Jini Ba

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani sojan roba mai tsawon inci 12, mai suna G.I. Joe. Gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa, yana da tabo a kuncin dama, ana kuma sayar da kayansa daban: hular kwano, kaki, gorar ruwa, bindiga, gurneti. Kamfanin ya ƙi yarda a kira shi 'yar tsana, don ya san ba kowane uba zai saya wa ɗansa namiji 'yar tsana ba. Yaran da suka yi wasa da shi sun yi furfura yanzu, wasunsu kuma sun koma neman abin da suka yar a ƙuruciya. A 2003 an sayar da samfurin farko da aka ƙera da hannu a kan dala 200,000.

Ga tambayarmu: mai tara waɗannan sojoji, tarihi yake adanawa ko kuwa wanke shi yake yi?

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun saba da wata ƙa'ida. Duk gyaran da muka yi ana ajiye shi a rumbu, har da kuskuren da ya durƙusar da aikin. Wanda ya goge kurakuran don rumbun ya yi kyau ya cuci na bayansa, domin za su sake faɗawa ramin da aka ɓoye musu. Da wannan idon muke kallon kantar mai tara sojojin roba.

Burinsa shi ne cikar kaya. Idan igiyar hula ta ɓace, daraja ta faɗi. Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba shi ya fi tsada. Amma ko kayan sun cika, akwai abin da babu kwalin da ya taɓa zuwa da shi: makabarta, gari da ya ƙone, matar da ke takaba.

A 1967 Hasbro ya fito da ma'aikaciyar jinya, da bandejinta da sandunan guragu. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina yin ta. Yau tana cikin waɗanda masu tarawa suka fi nema, amma don ƙarancinta, ba don abin da take tunatarwa ba. A 1970 kuwa, da yaƙin Biyetnam ya ishi Amurkawa, kamfanin ya rage wa Joe kamannin soja, ya mai da shi mai yawon kasada a daji da teku. Ashe abin wasan ya san lokacin jin kunya.

Akwai kuma waɗanda ba a ƙera ba sam. Jerin sojojin duniya na 1966 ya ƙunshi Bajamushe, Bajapane, Barashe, Bature ɗan Ingila, ɗan Ostireliya da ɗan gwagwarmayar Faransa. Mazan jiyan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausa na cikin harsunan barikinsu, ba su samu wuri a kwali ba. Wanda kanta ce makarantarsa ba zai san sun je ba.

Sai dai mu yi adalci. Dattijon da ke goge ƙurar sojansa ba lallai yaƙi yake so ba. Sau da yawa ranar da mahaifinsa ya miƙa masa kwalin yake nema. Wani kuma ƙaramar hular ce ta kai shi karanta tarihin wanda ya sa ta gaske. Ba za mu kira wannan laifi ba.

Laifin yana farawa ne inda kyawun kaki ya zama shi ne dukan labarin. Mu kanmu ba mu tsira ba: a wasannin wayoyinmu, da irinmu ne ke rubuta su, soja na mutuwa ya tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Don haka ma'auninmu ɗaya ne ga mai kanta da mai waya. Idan yaro ya nuna bindigar roba ya ce mene ne aikinta, a ba shi amsar har ƙarshe.