Guzurin Ɗalibi Mai Tafiya Karatu Ƙasar Waje

 

Wata al'ada ta yaɗu a jami'o'in duniya, watau aika ɗalibi wata ƙasa ya yi zangon karatu guda, wata huɗu ko biyar, ko kuwa ya zauna a wani kamfani ko asibiti domin sanin makamar aiki, sa'an nan ya komo ya ƙarasa karatunsa a gida. Ƙasashen Turai sun kafa wa wannan al'amari shiri na musamman mai suna Erasmus tun 1987, kuma miliyoyin ɗalibai sun bi ta cikinsa. 'Ya'yan Musulmi, maza da mata, suna cikin masu irin wannan tafiya, waɗansu zuwa Ingila ko Faransa ko Jamus ko Amurka, waɗansu zuwa Turkiyya ko Malesiya ko Sin.

Idan ranar tashi ta matso, kowa da abin da yake tanada. Jami'a tana kula da fasfo da biza da inshorar lafiya da masauki. Uwa tana ɗaura yaji da daddawa da kilishi, ko da yake kilishin sau da yawa a hannun ma'aikatan kwastan yake ƙarewa, domin Tarayyar Turai da Amurka ba su yarda matafiyi ya shigo musu da irin wannan nama ba. Uba kuwa yakan kira yaron daren tafiya ya ce masa ya ji tsoron Allah, kada ya bar salla, kada ya bi abokan banza. Wasiyya ce mai kyau, ba mai ja da ita. Abin tambaya shi ne: shin wanda ya yi wannan wasiyya ya sauke nauyin da ke kansa ke nan? In yaro ya je can ya rikice, laifinsa ne shi kaɗai, ko kuwa waɗanda suka sallame shi suna da kaso?

Halaccin tafiyar kansa ba ya bukatar dogon bayani. Sahabban farko sun yi hijira zuwa Habasha a 615, suka zauna ƙarƙashin Najjashi a ƙasar Kirista, kuma Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi bai baro ta ba sai shekara ta 7 bayan Hijira. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar wasiƙu. Malaman da suka yi magana a kan zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba domin neman ilimi mai amfani sun halatta shi, amma da sharaɗi: mai tafiya ya kasance yana da sanin da zai kare shi daga ruɗani, da riƙon addinin da zai kare shi daga son zuciya. A nan maganar take. Duk wanda ya karanta Ahalari yana yaro ya san ƙa'idar da aka kafa tun a shafukan farko, ta neman sanin hukunci kafin a shiga aiki. To, zama a Landan ko Berlin aiki ne mai hukunce-hukuncensa, kuma yawancinsu ba su taɓa tasowa ɗalibi ba a Kano ko Damagaram. Wanda ya ce wa yaro kada ya bar salla, amma bai sanar da shi yadda ake sallar a inda za shi ba, ya ba shi umarni ne bai ba shi guzuri ba.

Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya fahimci wannan tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Da ya aika ɗalibai kimanin arba'in zuwa Paris a 1826, sai aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar, Rifa'a Ɗahɗawi, domin ya yi musu limanci ya kuma amsa musu tambayoyin addini. Abin da ya biyo baya ya fi abin da aka yi zato. Limamin ya koyi Faransanci, ya zauna har 1831, ya ga juyin mulkin 1830 da idonsa, ya rubuta littafin tafiyarsa wanda aka buga a 1834, inda ya yaba wa Faransawa a kan tsabta da son ilimi da tsarin doka, ya kuma kushe abin da ya ga bai dace ba. A 1835 ya kafa Makarantar Harsuna a Alƙahira. Wanda aka aika tsaron addinin waɗansu shi ne ya fi kowa cin moriyar tafiyar, kuma ba mamaki, domin wanda ya san iyakar abin da addininsa ya hana ba ya tsoron duban abin da ke bayan wannan iyaka. Yau ba a haɗa ɗalibi da limami. Abin da limamin zai yi masa, dole a zuba masa shi a ka kafin ya hau jirgi.

Abu na farko da ya kamata a zuba masa shi ne rarrabe addini da al'ada. Bahaushe yakan ce a fuskanci gabas idan yana nufin alƙibla, har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya a bakinsa. Amma mai salla a Landan kudu maso gabas yake fuskanta, na New York arewa maso gabas, na Kwala Lamfur kuwa yamma yake kallo. Alƙibla ita ce addini, gabas kuwa wurin zama ne ya kawo ta. Haka abubuwa da yawa suke. Ɗalibin da ya tashi a Malikiyya zai tarar da Hanafiyya a Istanbul, Shafi'iyya a Malesiya, a masallatan Ingila kuwa kowace mazhaba a sahu guda. Zai ji limami yana bayyana Basmala, zai ga ana wutiri raka'a uku a haɗe, zai ga an jinkirta La'asar fiye da yadda ya saba. In ba a gaya masa tun a gida cewa waɗannan saɓani ne na malamai magabata ba, ɗayan biyu zai faru: ko ya ɗauka mutanen nan ba su iya salla ba ya ƙaurace wa jam'i, ko ya ɗauka abin da aka koya masa a gida ne ba daidai ba ya fara raina malamansa.

Sai kuma lokaci. A ƙasar Hausa tsawon yini bai cika yin nisa da sa'a 12 ba, rani da damina. A Landan kuwa yini yakan haura sa'a 16 a ƙarshen Yuni, ya kasa kai sa'a 8 a ƙarshen Disamba. A Oslo na Yuni yana kusan sa'a 19. A hunturu Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗa cikin kimanin sa'a huɗu, daidai lokacin da ɗalibi yake aji ko ɗakin gwaji. A tsakiyar lokacin zafi kuma, a garuruwan da suka yi arewa sosai, hasken bayan faɗuwar rana ba ya gushewa sarai kafin na alfijir ya keto, sai alamar shigar Isha'i ta rikice. Majalisun fiƙihu na zamani sun zauna a kan wannan, ciki har da ta Rabiɗa da ke Makka da Majalisar Fatawa ta Turai wadda aka kafa a 1997, sun kuma fitar da hanyoyin ƙaddara lokaci da sharuɗɗan haɗa salla biyu saboda matsananciyar bukata. Ɗalibin da bai san da wannan sauƙi ba yakan ɗauki wahalar da Allah bai ɗora masa ba, mako biyu ko uku, sa'an nan ya gaji ya saki duka.

Akwai kuma mai ɗaukar sauƙin da ba a ba shi ba. Da yawa suna zaton tunda suna ƙasar waje matafiya ne, sai su yi ta ƙasaru wata huɗu, ko su ajiye azumi da sunan tafiya. Alhali a Malikiyya da Shafi'iyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, a Hanafiyya kuwa kwana 15. Mai zangon karatu, bisa mazhabobin nan, mazauni ne tun ranar da ya sauka: salla cikakkiya, azumi cikakke, Juma'a kuma ta hau kansa in akwai inda ake yin ta. Batun abinci ma haka yake, tsakanin mai ƙin komai har ya rame da mai cin komai ba tambaya. Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, malamai sun yi saɓani a kan yankan mahautan zamani, alade da giya kuwa ba saɓani a kansu. Mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai tafi da shi shi ne sunayen alade da giya da harshen ƙasar da za shi, domin ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani.

Amma akwai babin da ya fi waɗannan duka nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a wasiyyar daren tafiya. Biza alkawari ce. Malaman fiƙihu tun da can sun yi magana a kan Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincinsu, suka ce haramun ne ya ha'ince su a dukiya ko jini ko sharaɗin da suka gindaya masa, domin sun bar shi ya shiga ne bisa cewa ba zai ci amanarsu ba. Suratul Ma'ida ɗin nan da ta yi maganar abinci, da umarnin cika alkawari ta buɗe. A tarihi kuma akwai abin da ya isa hujja. Gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka tare Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanyarsu ta zuwa Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Manzon Allah ba. Musulmi a ranar ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba, abokan gaba kuwa sun kusa dubu, kowane takobi ana bukatarsa. Duk da haka Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarce su su koma su cika alkawarin da suka yi. In alkawarin da aka karɓa daga mutum a hannun maƙiya ana cika shi a irin wannan rana, ina ga wanda ɗalibi ya sa wa hannu da kansa, a ofishin jakadanci, bayan ya yi layi yana roƙo?

Ma'anar wannan a aikace ba ɓoyayyiya ba ce. Ɗalibin da aka ba izinin wata biyar, ya sulale ya ɓace a cikin gari da wa'adin ya cika, ya karya alkawari, ko da kuɗin da yake samu gida yake aikowa. Wanda dokar bizarsa ta ƙayyade masa sa'o'in aiki, kamar sa'a 20 a mako da Amurka ta yanka wa ɗalibai baƙi a lokacin karatu, ya kuma zarce da sunan wani, ya yi ha'inci. Haka wanda ya kwafi rubutun wani ya miƙa a matsayin nasa, da mai koyon aiki da ya fitar da sirrin kamfani ko na marar lafiya. Wani zai ce dukiyar waɗanda ba Musulmi ba ce, ko kuwa ƙasashen nan sun cuci Afirka tun zamanin mulkin mallaka. Cutar mulkin mallaka gaskiya ce, amma ba ita aka rubuta a takardar da ya sa wa hannu ba. Ban da haka, ɓarnar ba a kansa take tsayawa ba. Duk ɗalibin da ya gudu ya ƙara tsaurin ƙofa ga na bayansa, jami'ar da ta aiko shi kuma tana iya rasa gurbin gaba ɗaya. Ya ci haƙƙin waɗanda bai taɓa gani ba.

Daga cikin cika alkawari akwai sanin dokar ƙasa kafin a zaɓe ta, musamman ga ɗalibai mata. Faransa ta hana sanya alamun addini bayyanannu a makarantun gwamnati na ƙasa da jami'a a 2004, ta kuma hana rufe fuska a bainar jama'a da dokar 2010. Ɗalibar jami'a tana iya shiga aji da ɗankwalinta, amma in koyon aiki za ta yi a ma'aikatar gwamnati sai a nemi ta cire. Wannan abu ne da ya kamata ita da iyayenta su sani suna gida, su auna, in ya so su nemi wata ƙasa ko wani wurin aiki. Ba adalci ba ne a bar yarinya ta gamu da shi ita kaɗai a bakin ƙofar ofis ranar farko.

Akwai masu ganin irin wannan shiri tsoratarwa ce, wata huɗu kuma bai kai a tayar da hankali ba. Gajartar lokacin ita ce ma dalilin shirin. Mai zaman shekara huɗu yana da sararin yin kuskure ya gyara, ya sami masallaci da malami da abokai. Mai wata huɗu kuwa kafin ya gane hanya lokacin komawa ya yi. Kuma ɗalibin da ya tafi da tsoro ba ilimi yakan ƙunshe kansa cikin 'yan ƙasarsu, daga aji sai ɗaki, ya dawo bai koyi harshe ba, bai ga yadda mutane suke tsare lokaci da tsabtar gari ba, bai kuma amsa wa kowa tambaya a kan addininsa ba. Tambayar kuwa za ta zo, a teburin cin abinci ko a cikin jirgin ƙasa: don me ba ya shan giya, me Musulunci ya ce game da Annabi Isa, me ya sa mata suke lulluɓi. Da aka kira Ja'afaru gaban Najjashi aka yi masa tambaya a kan Annabi Isa, Alaihissalamu, bai ɓoye aƙidarsa ba, bai kuma ci mutuncin mai masaukinsa ba. Wannan fasaha ce da ake koya, kuma a gida ake fara koyonta.

Nauyin ya rataya a wuyan mutum uku. Uba, domin shi ne makiyayin gidansa, kuma wanda ya iya biyan kuɗin jirgi ba zai kasa kai ɗansa gaban malami sau uku ko huɗu ba. Jami'a, wadda takan tara masu tafiya ta yi musu bayanin inshora da sanyi, ba abin da zai hana ta ƙara zama guda a kan ibada da doka, tare da ɗaliban da suka je suka dawo. Sai malamai, waɗanda su ma akwai aiki a gabansu, domin wanda bai taɓa bincika hukuncin Isha'i a garin da duhu ba ya cika ba, bai kamata ya ba da fatawa a kai da ka ba. Ya nemi abin da majalisun fiƙihu suka yanke, ya rubuta wa ɗalibin a takarda, tare da sunan masallaci mafi kusa da masaukinsa da jadawalin lokutan sallar watannin da zai yi a can.