Nasihar Juma'a: Da Wane Suna Ɗanka Yake Kiran Manya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ran Talatar nan bayan La'asar muna zaune a ƙofar masallaci, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 9 ba ya zo a guje. Ba sallama, ya tsaya a kan wani dattijo wanda ya yi jika da shi, ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce, "Kai, wai ka zo ana nemanka a shago." Dattijon bai ce uffan ba, ya sa takalminsa ya tafi. Wasu suka yi dariya suka ce, "Yaran Kudu ke nan." Ni dai dariyar ba ta zo mini ba. Yaron nan namu ne, a nan Sabo aka haife shi, a makarantar allonmu yake karatu, kuma sunan nan da ya faɗa a bakin manya ya ji shi.

Mu daina ɗora wa Kudu laifi. Mun ga yadda maƙwabtanmu Yarbawa suke: yaro ba ya kiran ko yayansa da suna tsirara, kuma suna da lafazin jam'i na girmamawa da suke yi wa babba, kamar yadda mu ma muke ce wa babba "ku". Ashe ba garin ba ne ya ɓata yaran. Abin da ya faru shi ne, a gida yaro yana tasowa tsakanin kaka da gwaggo da baffa, in ya yi kuskure bakuna goma ne za su gyara masa. A nan kuwa ɗaki ne na haya, uba ya fita Bodija ko Sasa tun da asuba sai dare, uwa tana fama da sana'a, yaro ya koyi magana a titi da waya. Aikin da dangi suke yi a gida ya dawo kanmu, mu kuwa ba mu karɓe shi ba.

Wani zai ce, "Malam, ai suna ne kawai, ladabi a zuci yake." To mu duba abin da addini ya koyar. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya haɗa bauta maSa da kyautata wa iyaye, kuma abin da Ya fara ambata bayan haka na harshe ne: Ya hana ko ƙaramar kalmar ƙosawa, Ya hana yi musu tsawa, Ya yi umarni da magana ta girmamawa. A Suratu Maryam, daga aya ta 42 zuwa ta 45, Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana yi wa mahaifinsa wa'azi a kan bautar gumaka. Sau huɗu a jere yana buɗe magana da kiran ɗa ga uba mai taushi, bai kira shi da sunansa ba. Uban ya yi barazanar jifansa, shi kuwa ya mayar masa da sallama. Idan uba mai bautar gumaka ya samu wannan, ina ga uban da yake kai goshinsa ƙasa sau biyar a rana?

Imamul Bukhari ya kawo a littafinsa Al-Adabul Mufrad cewa Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya ga mutum biyu tare, ya tambayi ɗayan dangantakarsu. Da ya ji cewa mahaifinsa ne, sai ya yi masa wasiyya da abu uku: kada ya kira shi da sunansa, kada ya shiga gabansa a tafiya, kada ya riga shi zama. Ba iyaye kaɗai ba, hadisi ya zo a wurin Tirmizi da Abu Dawuda cewa wanda ba ya tausayin ƙananmu kuma bai san girman manyanmu ba, ba ya kan tafarkinmu.

Kakanninmu sun fahimci wannan, shi ya sa suka bar mana harshe mai cike da alkunya. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, sai a koma ce masa Abba ko Baffa, mace kuma Ummi ko Mama, don kada bakin yara ya saba da sunan babba. Kowane ɗan'uwa kuma da nasa suna: ɗan'uwan uba Baffa, 'yar'uwar uba Gwaggo, ɗan'uwan uwa Kawu, 'yar'uwar uwa Inna, wanda ya girme ka Yaya. Na waje kuma Baba ne, ko Malam, ko Alhaji, ko Hajiya.

Yanzu duk mun tattara su mun zuba a buhu ɗaya: kowane namiji Ankul, kowace mace Anti. Ban ce faɗin Dadi ko Momi haramun ba ne, shari'a ba ta ɗaure mu da yare ɗaya ba. Amma ku lura da abin da muke asara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta baffa da uba, ya ajiye 'yar'uwar uwa a matsayin uwa. Baffa yana iya zama waliyyin auren yarinya, yana iya shiga gado. Baffa da kawu muharramanta ne, abokin babanta na kasuwa kuwa ba muharraminta ba ne. Yarinyar da ta taso duk su ukun Ankul ne a bakinta, ta ina za ta gane wannan bambanci? Yaron da bai san sunan dangantaka ba, yaya zai riƙe zumuncinta ranar da babu mu?

Kuma ranar tana zuwa da za mu gani da idonmu. Sallah za ta zo, ka ɗebi iyali ku yi kwana a mota zuwa Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Tsohonka ya kira jikansa, yaron ya waiwayo ya ce, "Mene?" Wallahi duk tsarabar da ka kai ba za ta wanke maka wannan kunya ba.

To mene ne abin yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gyaran daga bakinmu zai fara.

Na farko, mu gyara yadda muke ambaton manya a gaban yara. Idan uwa ta ce, "Je ka kira wannan tsohon," haka yaro zai kai saƙon. Ta ce, "Je ka gaishe da Baba, ka ce ana sallama da su a shago." Maigida da uwargida ma su lura da kiran da suke yi wa juna, da yadda suke ambaton surukai in rai ya ɓaci. Kunnen yaro a buɗe yake.

Na biyu, a koya wa yaro amsa kira da "Na'am", ba "Eh?" ko "Wetin?" ba. Ya fara da sallama, ya ce wa babba "kun kwana lafiya", ya rage murya, ya ajiye wayar da ke hannunsa. In babba ya bugo waya ma haka. Ba a ce ya kwanta ƙasa ba, sujada ta Allah ce kaɗai.

Na uku, ku zaunar da yara ku lissafa musu danginsu. Idan za ku kira gida, ku ce, "Wannan Gwaggo ce, ƙanwar babanka," sannan ku miƙa masa ya gaishe ta.

Na huɗu, dattawa, shirunku ba taimako ba ne. Idan yaro ya yi kuskure a gabanku ku gyara masa da taushi. Iyaye kuma kada ku ɗauki gyaran a matsayin cin fuska. Ɗa na kowa ne.

Na ƙarshe yana kanmu manya. Hadisin da muka ambata ya fara da tausayin ƙarami ne kafin girmama babba. Luƙmanu sau uku yana kiran ɗansa da kiran ƙauna a cikin wasiyyarsa, kuma Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Uban da kullum "kai jaki" da "ɗan iska" ne a bakinsa, kada ya yi mamaki in harshen ɗan ya yi kaushi. Abin da ka shuka shi za ka girba.

'Yan'uwa, daga yau zuwa Juma'a mai zuwa, kowa ya kasa kunne a gidansa ya ji yadda 'ya'yansa suke kiran uwarsu, da malaminsu, da dattijon da ke maƙwabtaka. Abin da ya ji ba daidai ba ya gyara, ya kuma fara da kansa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama sanyin idanunmu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa masu rai lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.