Jajen Mai Rumbu: Gwamnatoci da Yunwar Gaza

Akwai wata tambaya da muke ganin ya dace mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta a wannan fili, domin kuwa sana'armu ta kalmomi ce, ita kuma tambayar a kan darajar kalma take. Idan masifa ta auka wa mutum, wani ya zo ya ce masa "sannu, Allah ya kiyaye gaba", ya juya ya tafi, shin ya sauke nauyin da ke kansa, ko kuwa da sauran bashi? A ganinmu ba a iya amsa wannan da e ko a'a, sai an fara sanin wane ne mai jajen, da kuma abin da ya baro a gida.

Mu mutanen ƙasar Gaya da Ajingi ba baƙin wannan al'amari ba ne. A daminar 2022 ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan zaman jaje ya san masu zuwa ba ɗaya suke ba a idon wanda abin ya shafa. Tsohuwar da ta tako daga wani ƙauye tana dogara sanda, ba ta da ko mudu guda, ta zauna ta yi addu'a, ana karɓar jajenta hannu bibbiyu, don kowa ya san iyakar abin da ta mallaka ke nan, ƙafarta da bakinta. Amma attajirin da rumbunsa ke cike da gero, wanda ya zo cikin babbar riga ya faɗi kalmomin nan dai na tsohuwa, ya shiga mota ya tafi, za a amsa masa cikin ladabi, sai dai da zarar ƙurar motarsa ta lafa za ka ji an ja tsaki. Kalmomin iri ɗaya ne, amma ita tsohuwa nata sun ci mata tafiyar yini, shi kuwa nasa ba su ci masa ko zangarniya ɗaya ba.

Da wannan ma'auni na ƙauye muke so mu auna yadda gwamnatocin duniya, har da tamu, suka tunkari halin da fararen hular Falasɗinu suka shiga a Zirin Gaza. Don mai karatu ya gane girman abin, zirin nan gaba ɗayansa murabba'in kilomita 365 ne, wato kusan rabin ƙasar Ajingi, wadda mutanenta ba su kai dubu 200 ba a ƙidayar 2006. A cikin wannan ɗan tsukin wuri mutum sama da miliyan 2 ke zaune, teku a yamma, shinge a sauran sassa. Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas suka kutsa Isra'ila, aka kashe kimanin mutum 1,200, aka yi garkuwa da wajen 250. Kashe farar hula laifi ne, ko wane ne ya aikata shi. To amma martanin da ya biyo baya ya sauka a kan mata da yara da tsofaffin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Zuwa ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya mamata fiye da dubu 60. Kafin yaƙin, manyan motocin kaya wajen 500 ke shiga zirin a kullum. Daga 2 ga Maris 2025 har tsakiyar Mayu Isra'ila ta hana shigar ko da guda ɗaya. Ranar 22 ga Agusta 2025 masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogara da su suka tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta kama birnin Gaza da kewayensa, alhali abinci na jibge a bayan shinge.

Bari mu fara da mai babban rumbu. Amurka tana bai wa Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 3.8 a kowace shekara, kuma ta sha hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu a kan ƙudurin tsagaita wuta, alal misali ranar 8 ga Disamba 2023 da ranar 20 ga Fabrairu 2024. Kwanaki kaɗan bayan na biyun, ranar 2 ga Maris 2024, jiragenta suka jefa ƙunshin abinci kimanin dubu 38 daga sama. Ko ɗalibinmu na aji ɗaya zai iya raba dubu 38 ga miliyan 2 ya ga abin da ya samu. Bugu da ƙari ta kashe wajen dala miliyan 230 a kan wata gadar sauke kaya a bakin teku, wadda igiyar ruwa ta riƙa ɓallawa har aka haƙura da ita a Yulin 2024, alhali ƙofofin tudu na nan, kuma mabuɗinsu na hannun amininta. Wannan ya ma wuce attajirin da muka ambata. Ya fi kama da mutumin da ya ara wa wani ashana, gobara ta tashi, sa'annan ya zo jaje da kwanon tuwo.

Sai kuma 'yan'uwa na kusa. Ranar 11 ga Nuwamba 2023 shugabannin ƙasashen Larabawa da na Musulmi suka hallara a Riyad, ƙungiya mai ƙasashe 57, cikinsu har da masu man da duniya ke tafiya da shi. An yi jawabai masu sa hawaye, an fitar da sanarwa mai tsawo da ta nemi a karya takunkumin, aka kafa kwamitin ministoci da zai zaga manyan birane. Kowa ya koma gida. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna cewa a 1973 Sarki Faisal na Saudiyya da takwarorinsa sun tsuke bakin famfon mai, har layin motoci ya cika gidajen man Amurka. Ana iya saɓani a kan ko wancan mataki ya yi amfani, amma ba wanda zai ce bai ci wa masu shi komai ba.

A nan ne tarihin da muka koya tun muna makarantar allo ke da abin cewa. Lokacin da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim takunkumi a kwarin Abu Ɗalib, kusan shekara uku ba saye ba sayarwa, har ana jin kukan yara daga bayan duwatsu, masu tausayi a zuci suna da yawa a Makka. Wanda tarihi ya riƙe sunansa shi ne Hishamu ɗan Amru, wanda yakan labta wa raƙumi abinci da dare, ya kai shi bakin kwarin, ya cire masa akala ya kore shi ciki. Shi da Zuhairu ɗan Abu Umayya da Muɗ'imu ɗan Adiyyu da wasu biyu ne suka tsaya a bainar jama'a suka nemi a yaga takardar, kuma a lokacin babu Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Abin lura ne cewa a zamaninmu ma kusan haka ta faru. Bolibiya ta yanke hulɗa da Isra'ila a ƙarshen Oktoban 2023. Kolombiya ta bi sahu a Mayun 2024, daga baya ta hana sayar mata da gawayin kwal, wato ta toshe wa kanta ƙofar ciniki. Afirka ta Kudu ta kai ƙara Kotun Duniya ranar 29 ga Disamba 2023, kuma a Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke mata tallafi, ta kuma ambaci wannan ƙara cikin dalilanta. Turkiyya ma, a yi mata adalci, ta dakatar da ciniki a Mayun 2024.

To ina Nijeriya ta tsaya? Ta jefa ƙuri'ar goyon bayan tsagaita wuta a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ministan harkokin wajenta a lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, yana cikin kwamitin nan na Riyad, shi kuma Shugaba Tinubu ya je Riyad a Nuwamban 2024 ya nemi a kawo ƙarshen yaƙin. Ba mu raina waɗannan ba. Ƙuri'a tana shiga tarihi, kuma ga ƙaramar ƙasa matalauciya ƙuri'a ita ce sandar tsohuwa, iyakar abin da ke hannunta. Sai dai Nijeriya ba tsohuwar nan ba ce, kuma ita da kanta ta taɓa nuna mana haka. A Oktoban 1973 gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa da Isra'ila, ba a maido ta ba sai 1992 a zamanin Babangida. A 1984 gwamnatin Buhari ta killace Sarkin Kano Ado Bayero da Oonin Ife na wata shida saboda sun ziyarci Isra'ila. A kan mulkin wariyar launin fata kuwa abin ya fi haka: an kafa asusun taimakon kudancin Afirka a 1976, ma'aikatan gwamnati suka ba da kashi 2 cikin ɗari na albashinsu, sa'annan a 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin man Ingila, BP, wanda ya koma AP. Malaman makaranta irinmu na wancan zamani sun ga goyon bayan ƙasarsu a takardar albashi. A kan Gaza kuwa, hulɗar jakadanci ta ci gaba yadda take, abin da muka sani ya fita daga baitulmali shi ne kuɗin jirgi da masauki.

Muna sane da cewa wani zai ce, kuma mun ji ana faɗa a majalisu daga Kademi har Toranke, mutumin da ɗakinsa ke yoyo ina shi ina gyaran ɗakin wani? Ga 'yan gudun hijira a Zamfara da Borno, ga makarantunmu da yara ke zaune a ƙasa, wace gudummawa ce za mu kai Falasɗinu? Maganar tana da ƙarfi, kuma da a ce an hana na nesa ne don a bai wa na kusa, da mun yi shiru. Amma a duba. Ranar 3 ga Disamba 2023, daidai lokacin da ake ruwan bama-bamai a Gaza, jirgin sojanmu marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, ya kashe aƙalla mutum 85. Manyan ƙasa suka yi jerin gwano zuwa Kaduna, aka yi jaje, aka yi alkawari. Kalmomin da aka yi amfani da su, na takaici da alhini da alwashin bincike, su ne dai waɗanda ake karantawa a kan Gaza, su ne kuma ake karanta mana idan ruwa ya ci gonaki. Hannun da ya saba biyan bashi da sanarwa ba ya tambayar ko mai bin bashin na nesa ne ko na gida.

Mu marubuta muna da hannu a nan, domin irin waɗannan sanarwoyi wani ɗan'uwanmu mai alƙalami ne ke zama ya tsara su, ya zaɓo "matuƙar damuwa" da "kakkausar murya", ya jera su yadda za su yi daɗi a rediyo. An tsagaita wuta a Gaza ranar 10 ga Oktoba 2025, kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya ya nuna sake gina zirin zai ci wajen dala biliyan 70. Taron alkawari ba ya wuya, kuma za a nemi masu rubuta jawabansa. Wanda aka kira a cikinmu, da shi da wanda zai rubuta labarin taron a jarida, muna roƙonsa ya bar fili a ƙarƙashin kowane alkawari, inda bayan shekara guda za a rubuta adadin motocin da suka ƙetare ƙofar Rafah da kuma sunan ƙasar da ta biya kuɗin lodinsu.