Idan Zuciyar Yaro Ta Farka

Karatu: Farawa 29:15-25, 2 Sama'ila 13:1-22

Wata Lahadi bayan sujada wata uwa ta ja ni gefe ta miƙo mini wayar 'yarta. Yarinyar shekararta goma sha shida, tana cikin ƙungiyar mawaƙa, yaron kuwa shi ne mai kaɗa mana ganga. Uwar ta ce, "Mama, a sa ta cikin addu'ar kuɓutarwa, wani ruhu ya shige ta." Na karanta saƙonnin duka. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ya ce muryarta ta hana shi barci, ya aiko mata da hoton fure. Lokacin da aka rubuta su ne ya dame ni, ƙarfe ɗaya na dare. Na ce mata zan yi addu'a, amma ban ga aljanin da zan kora ba. Na koma gida da tambayar nan: zunubi ne yaro ko yarinya su so wani tun ba su isa aure ba?

Na tashi a gindin Goron Dutse, inda mahaifina yake aikin gandireba a gidan yari. Maƙwabtanmu kusan duk Musulmi ne, ranar Lahadi sai mun shiga mota zuwa Sabon Gari domin sujada. Bayan sallar isha'i nakan ga saurayi ya tsaya ƙofar gidan maƙwabta, ya aiki ƙaramin yaro ya ce ana sallama da wance. Sai ta fito soro da tabarma, ƙanwarta na manne da ita. In uban ya dawo, dole saurayin ya durƙusa ya gaishe shi. Ba na cewa al'adar zance ba ta da tata illa. An aurar da ƙawayena da dama ba su gama makaranta ba, har yau ina tuna ɗaya da ta fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba. Amma soyayyarsu tana da ƙofa, kowa ya san mai shigowa. A gidanmu na masu bi kuwa, ko kalmar saurayi ba a furtawa. Sai muka ƙware wajen ɓoye wasiƙa a cikin littafin waƙoƙin sujada.

Zamanin nan ne littattafan soyayya suka cika Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990, ga kuma littattafan Balaraba Ramat Yakubu, muna karɓar aro hannu da hannu har bango ya yage. A 2007 gwamnan jihar na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata. Tsoron iyaye ne ya kawo haka, ni ma uwa ce, na san wannan tsoro. Amma labaran ba su mutu ba, sun koma cikin waya, ana turawa ta WhatsApp. A Afisa ma an ƙona littattafai, na sihiri, da suka kai azurfa dubu hamsin, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 19 ta nuna. Sai dai can masu littattafan ne suka kawo su da hannunsu bayan zuciya ta riga ta juya. Ba wanda ya ƙwace musu.

Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar wannan magana kamar yadda muke ji ba. Waƙar Waƙoƙi tana cikinsa, ko da yake ba kasafai muke jin wa'azi daga cikinta ba. Sau uku take gargaɗin 'yan matan Urushalima kada su tada soyayya lokacinta bai yi ba. Ba ta ce a kashe ta ba. Wanda ya halicci jiki ya sa masa lokacin balaga, shi ne ya sa wannan farkawa a zuciya, don haka ba na iya kiran ta zunubi. Abin da ake yi da ita bayan ta farka, nan ne hisabi yake.

Ku dubi samari biyun da ke cikin karatunmu. Dukansu Nassi ya ce sun so yarinya. Yakubu ya ga Rahila a bakin rijiya, ya je gidan mahaifinta Laban ya faɗi abin da yake so a fili, ya yanka wa kansa shekara bakwai na kiwo, shekarun kuma ba su yi masa tsawo ba. Amnon ɗan Dawuda ya so Tamar har ya rame. Bai je wurin mahaifinsa da gaskiya ba, sai ya je wurin abokinsa Yonadab mai wayo, wanda ya koya masa ciwon ƙarya. Ku lura da aya ta 9: kafin ya taɓa ta, sai da ya fitar da kowa daga ɗakin. Da ya biya bukatarsa, ƙiyayyar da ya yi mata ta fi son da ya yi mata a dā, ya sa bara ya kore ta ya kulle ƙofa. Hausa tana da kalmomi biyu, so da ƙauna, kuma a wajena a nan suka rabu. So yana duban abin da zai samu yau. Ƙauna tana iya jira, tana kuma iya tsayawa gaban mutane ba tare da sunkuyar da kai ba.

Wahalar ita ce ɗan shekara sha shida bai iya sanin wanne yake ɗauke da shi ba, domin daga ciki duka biyun zafinsu ɗaya. Likitoci ma sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne zuciya ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin, alhali sha'awa ta riga ta farka tun tuni. Ke nan yaro yana bukatar aron hankalin manya na wasu shekaru. To, yaya zai ara in ya san ranar da ya buɗe baki, ranar za a ƙwace waya a kai shi gaban fasto?

Na san abin da wasu iyaye za su ce: in ka ba su fuska sai su wuce gona da iri. Akwai gaskiya a ciki, na ga waɗanda aka ba taki suka nemi kamu. Yin abu a fili ma ba ya hana ciwo, ai Laban ya yaudari Yakubu a daren bikinsa. Amma 'yan matan da na gani an tsayar gaban ikilisiya da ciki, an sa su horo a bencin baya, kusan dukansu daga gidajen da ba a taɓa yin zancen ba suka fito. Sau da yawa kuma yarinyar kaɗai ke tsaye, yaron ya tafi wurin kawunsa a wani gari. Dawuda ya ji labarin Tamar ya husata, bai yi kome ba. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Ta ƙare zamanta a kaɗaice a gidansa. Gidan sarki ne, gidan mai rubuta zabura.

Ku kuma matasa, kada ku ce Mama ta ba mu izini. Ke yarinya, duk wanda ya ce yana son ki amma ba ya so mahaifiyarki ta san sunansa, ya fara fitar da mutane daga ɗaki ke nan. Kai ma saurayi, tambayi kanka ko za ka yarda a karanta saƙonka na jiya a zumuntar matasa. In kana son ta, ka so ta ci jarrabawarta.

Uwar nan mun yi addu'a tare, sa'an nan muka shirya. Waya za ta riƙa kwana a falo daga ƙarfe goma. Yaron kuma aka ce ya zo gida ranar Asabar da rana. Ya zo da farar rigarsa ta mawaƙa, gumi na zubo masa, uban yarinyar ya ba shi kujera ya tambaye shi abin da yake so ya karanta a jami'a. Mai yiwuwa ba za su yi aure ba, son fari ba kasafai yake kai wa can ba, na kuma gaya wa yarinyar haka, ta yi fushi da ni mako biyu. A watan Mayu za ta fara rubuta WAEC. Ku sa su biyun cikin addu'arku ta wannan mako.