Labulen Bayan Hoto: Ado ne ko Ƙarya?

Yawancinmu mun taɓa tsayawa a situdiyo ranar Sallah, bayanmu labule ne da aka zana wa bene da furanni, alhali gidanmu na ƙasa ne. Ba wanda ya ce mun yi ƙarya. A Ghana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da irin waɗannan labulaye: firji cike da abinci, talabijin, jirgin sama. Kowa na ganin fenti ne. Mai hoto da mai kallo duk sun san wasan da ake yi.

Sai majigi ya shigo. Ana ajiye madubi mai barin rabin haske ya wuce a gaban kyamara, a karkace da digiri 45. Majigi ya haska hoto a kan madubin, madubin ya jefa shi kan allon da ke bayan mutum, allon kuma ya mayar da hasken daidai inda ya fito. Da yake hasken da idon kyamara suna kan layi ɗaya, inuwar mutum tana faɗawa a bayansa, jikinsa ya rufe ta. Da wannan dabara Stanley Kubrick ya ɗauki farkon fim ɗinsa na 1968, 2001: A Space Odyssey, a situdiyo a Ingila, mai kallo na zaton dajin Afirka ne.

Mu masu rubuta manhaja mun ƙarasa aikin. Yau waya za ta share ɗakinka ta tsayar da kai a Dubai.

To, ina ado ya ƙare, ƙarya ta fara? Ba a na'urar ba. Ɗan ci-rani ya aika wa mahaifiyarsa hotonsa a ƙofar gidan da bai taɓa shiga ba, don hankalinta ya kwanta. Niyyarsa mai kyau ce. Amma idan ta ci bashi bisa zaton ɗanta ya samu fa? Idan iyayen yarinya suka ba shi aure saboda hoton fa?

Mizanin da muke gani shi ne: idan mai kallo ya san wasa ne, ado ne. Idan zai gina shawara a kai bai sani ba, an yaudare shi. Labulen fenti yana faɗin gaskiyar kansa. Manhajarmu ba ta yi, sai mun sa mata alamar da za ta nuna an sauya bayan hoton. Wannan nauyi a wuyanmu yake.