Sayen Jirgi Kwana Ɗaya Ne, Riƙonsa Kullum

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da muke so ku auna: in mutum ya biya kuɗin abu, ya gama biya ke nan? Bari mu gwada ta da jirgin ruwa, tun da yake mu mutanen ƙasar Gwandu, daga Malisa har Kalgo, ba mu da nisa da Gulbin Kebbi, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, ya gangara kudu ya faɗa Kwara.

Ranar da mutum ya sayi kwalekwale, ko jirgin katako mai inji, sai 'yan'uwa su taru suna yi masa barka, shi kuwa yana tsammani wahala ta ƙare. Alhali kuwa ran nan ta soma. Katako a cikin ruwa ruɓewa yake yi. In rani ya yi, gulbi ya janye, aka jawo jirgi tudu, rana ta tsaga shi, gara kuma ta yi masa sallama. Tilas a toshe tsaga da tsumma da kwalta, a sake ƙusa, a cire allon da ya ruɓe. Inji yana son fetur da baƙin mai da makaniki, fetur kuwa ya yi tsada ƙwarai tun da aka janye tallafinsa a 2023. Ga ladan yaron da ke kwalfe ruwa, ga igiya da filafili, ga rigunan kariya. Watau jirgi kamar doki yake, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci.

To, in mai jirgi ya ƙi biyan waɗannan, bashin ba ya ɓacewa. Wani ne zai biya, watau wanda ya shiga jirgin. Shi fasinja ba ya iya juya jirgi ya duba cikinsa, amana ya ba mai fito tare da kuɗinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin fito ya ɗauki alkawarin kai mutum wancan ƙetare da ransa.

Kada ku ɗauka zancen nan tatsuniya ce. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufo Warra a ƙasar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150. Ya tarwatse a tsakiyar Kwara, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce jirgin tsoho ne, an kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma fa adalci ne mu ji ta bakin mai jirgi. Zai ce, "Ni talaka ne. In na rage mutane, kuɗin mai ba zai fito ba. In na ƙara kuɗin fito, su gudu su shiga na maƙwabcina." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ta kuma nuna laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu da muke neman araha, muna cusa kai cikin jirgin da muka ga ya cika don kada kasuwa ta wuce mu, muna da namu kashi. Hukuma ma tana da nata, na duba jirage da tsayar da iyakar lodi. Duk da haka talauci bai halatta wa kowa ya yi caca da ran wani ba. In sana'a ba ta iya biyan gyaran kayanta, ribar da ake gani ba riba ba ce, jarin ake ci, ana kuma cin amanar jama'a.

Wani zai ce ai ajali ne. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma ba mu taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka ya ce ƙaddara ce ta hana shi hatsi ba.

Saboda haka, ku da kuke koyon lissafi, ku koyi wannan tun yanzu: kafin ku mallaki abu, ku haɗa kuɗin saye da na riƙo, sa'an nan ku ga ko kuna iyawa. Mai jirgi mai hankali yakan ware wani abu daga cinikin damina domin gyaran rani, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai iya riƙon babba ba, ya tsaya ga ƙarami, ba abin kunya ba ne. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.