Kuɗin Fito a Zamanin Waya: Wa Ya Kamata Ya Biya?

"Ka haɗo da na cirewa?" Shekaru ashirin baya babu wanda ya san wannan tambaya, amma yau da wuya a wuni a kasuwar Malanville ba a ji ta ba, da Hausa ko Dendanci ko Zabarmanci ko Faransanci. Mai albasa yana yi wa abokin cinikinsa na Kwatano ita, uwa tana yi wa ɗanta da ya tafi ci-rani, mai bin bashi yana yi wa wanda yake bi. Sau da yawa abin da ake ja a kai bai wuce kuɗin kwanon abinci ba, amma ya sha ɓata tsakanin aminai. Tambayoyi biyu ne a ƙunshe a nan. Shin kuɗin da ake yanka idan an tura ko an cire kuɗi ta waya haƙƙi ne ko zalunci? Idan kuma haƙƙi ne, a wuyan wa yake, mai turawa ko mai karɓa?

Malanville wuri ne da ya dace a yi wannan tunani. Garin yana jihar Alibori a arewacin Benin, a bakin kogin Kwara, yana kallon Gaya ta Nijar, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja suna haye kogin a wannan yanki, wajen Ilo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu. Madugu ya san a bakin ruwa sai an biya fito, a garuruwan hanya kuma sai an yi wa sarakuna gaisuwa. Shi kansa wuri, kuɗin wancan zamani, kaya ne mai nauyi da sai jaki ya ɗauka, jakin kuwa sai ya ci. Ashe tun fil azal kai dukiya daga nan zuwa can yana cin wani abu daga jikinta. Waya ba ta ƙago wannan ba, gado ta yi.

Na ji masu cewa ai yanzu babu abin da ke motsawa, lambobi ne kawai ke sauyawa a kwamfuta, don me za a biya? Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cika ba. Mai rumfar da ke karɓar kuɗi da bayarwa, ko na MTN MoMo ne ko Moov Money ko Celtiis Cash, jarinsa ya kasa biyu, rabi a aljihu rabi a waya. Yana biyan haya, yana wuni a rana, kuma shi ne abin harin ɓarawo da mai jabun kuɗi da ɗan damfara. Bayansa akwai turakun sadarwa da man janareta da ma'aikata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Malaman fiƙihu ma sun bambanta tsakanin ƙari a kan bashi, wanda shi ne riba, da ladan wakilci ko ɗan aike, wanda sakamakon aiki ne. Kuma duk wanda ya taɓa ɗaure kuɗi a ƙugu ya hau mota daga Malanville zuwa Parakou da dare ya san abin da waya ta ɗauke masa. An ce zuwa da kai ya fi aike, amma ba a kowace hanya ba.

To, halaccin lada ba ya nufin kowane lada halas ne. Ina ganin akwai ma'auni uku da za a gwada shi da su.

Na farko, a san shi kafin a biya. Yarda ita ce ginshiƙin ciniki, kuma ba a yarda da abin da ba a sani ba. Tsohuwar da ba ta karatu, wadda saƙon da ke shigo mata da Faransanci yake, ta dogara ne kacokan ga bakin mai rumfa. In ya ce mata abin da ya rage ke nan, ba ta da ta cewa. Haka wanda zai tura sefa a karɓi naira a Kamba: ana iya ce masa babu kuɗin aike, alhali an cusa ladan a cikin farashin canji. Ladan da aka ɓoye, ko ƙanƙani ne, ya fi wanda aka bayyana muni, domin shi ba aljihu kaɗai ya taɓa ba, ya raina hankalin mutum.

Na biyu, ya yi daidai da aikin. Wahalar da na'ura ke sha wajen tura jika biyu, wato sefa 2,000, ita ce wadda take sha wajen tura miliyan. Amma galibin jadawalin farashi hawa-hawa ne, kuma idan aka auna da kason abin da aka tura, mai ƙaramin kuɗi ya fi mai babba biya. Misali a fili shi ne harajin naira 50 da Najeriya ta ɗora a kan turawar da ta kai naira 10,000: ga mai dubu goma rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, ga mai miliyan kuwa ko a jikinsa. Talaka kuma ba ya tara kuɗi ya tura sau ɗaya. Yau kuɗin cefane, jibi na magani, kowanne da yankansa, da yayyafi kuwa kogi kan cika. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa tura kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali matsakaicin duniya kusan kashi 6 ne. Shi ya sa a muradun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 aka sa burin sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Da kamfanin Wave ya shiga Senegal da kashi 1 cikin ɗari na turawa, ajiya da cirewa kyauta, manyan da ya tarar sai da suka rage farashi. Wannan ya nuna wani ɓangare na tsadar ba kuɗin aiki ba ne, kuɗin rashin abokin gasa ne.

A Malanville abin ya fi ban mamaki. Benin da Nijar kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya, wato BCEAO da ke Dakar. Babu canji tsakanin sefar Malanville da ta Gaya. Duk da haka, kuɗin da zai haye kogin ta waya aike ne zuwa ƙasar waje, da nasa tsarin daban. Kwale-kwale yana da dalilin karɓar fito, domin akwai ruwa kuma akwai mai tuƙi. Wane ruwa saƙon waya yake hayewa?

Na uku, kada a ci ribar tilas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka dakatar da hada-hadar kuɗi da ƙasar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, jama'a suka koma ga kwale-kwale. A irin wannan hali mai neman kai kuɗin haihuwa ko na jinya hayin ruwa ba ya ciniki, ko nawa aka ce zai biya. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana makamancin haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, inda mutum ya riƙa sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wurin masu POS. Za a iya cewa shi ma mai rumfa da tsada ya samo tsabar, kuma in babu ƙarin ba zai fito ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya ɗora abin da ya kashe ba a zarge shi ba. Amma akwai tazara tsakanin mai cewa "abin ya yi mini tsada" da mai cewa a zuciyarsa "ba shi da wurin zuwa". Na farko wahalarsa ya yi wa farashi, na biyu wahalar ɗan'uwansa. Daga waje kuɗin ɗaya ne, shi kaɗai ya san wanne ya karɓa.

Hukuma ma ba ta kuɓuta daga wannan awo ba. Yuganda ta sa harajin kashi 1 cikin ɗari a 2018, kukan jama'a ya sa ta mayar da shi rabi a kan cirewa kawai. Ghana ta sa kashi 1.5 a 2022, ta rage zuwa kashi 1 a 2023, ta soke shi a 2025. Haraji haƙƙin ƙasa ne, amma wannan iri ba ya bambanta ribar attajiri da kuɗin makarantar maraya.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi kusa da mu, domin ita a hannunmu take. Ra'ayina shi ne: wanda isarwa ta wajaba a kansa, shi ke ɗaukar nauyin hanya. Wanda ya ranci jika goma a hannu, ya tura jika goma cif ta waya, mai kuɗin ya je rumfa aka zaftare wani abu, bai gama biyan bashi ba. Wanda ya sa lebura sauke buhunan shinkafa a kan lada sananne, sannan ya biya shi ta waya don sauƙin kansa, ya rage masa lada ko da bai yi nufi ba. Mai sayen kaya ma haka, tunda cikar farashi a kansa take, kamar yadda cikar mudu take a kan mai sayarwa.

Amma ƙa'idar tana juyawa. Idan mai bashi ya zo da kuɗi a hannu, mai karɓa ya ce shi dai a tura masa ta waya, to shi ya zaɓi hanya, shi zai biya fito. Idan an yi sharaɗi tun farko, sharaɗin ake bi. Kyauta kuwa babu dole a cikinta. Wanda aka aiko wa alheri ya bugo waya yana neman na cirewa, ya yi ƙaranta. Sai dai shi ma mai kyautar ya tuna cewa in ya san kuɗin magani jika biyar ne, ya tura biyar daidai, maganin ba zai sayu ba.

Abin da ya sa nake ɗora nauyin a kan mai turawa a mafi yawan lokuta shi ne kunya. Sau da yawa mai karɓa shi ne na ƙasa: yaron shago, ƙanwa, manomin da ke jiran kuɗin albasarsa. Ba zai iya buɗe baki ya ce wa ubangidansa saura dala arba'in ba. Zai yi godiya, ya haɗiye. Shirunsa ba yafewa ba ne, kuma mai ƙarfi da ya fake da wannan shiru ya san abin da ya yi.

A watan Satumban 2025 BCEAO ta ƙaddamar da wani tsarin biyan kuɗi nan take da ake son ya haɗa bankuna da asusun waya na ƙasashen sefa takwas. In ya kankama har bakin Kwara, watakila tsadar ta ragu. Amma ko ta koma dala ɗaya, tambayar tana nan, don ba girman kuɗin ne ya haife ta ba. Kafin ka danna lambar sirri, mai karatu, ka lissafa abin da zai shiga hannun mutumin, ba abin da ya fita daga wayarka ba. In bashi ne ko lada, ka cika masa. In ba za ka cika ba, ka faɗa masa tun kafin ya isa rumfa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, ƙarami da babba.